Hermann Lehmann, Likitan da Ya Bi Sawun Jini

1. Ciwon da ke zuwa da sanyi

Navrongo gari ne a arewacin ƙasar Gana, kusa da iyakar Burkina Faso. Kasena da Nankana su ne mafi yawan mutanen garin. Akwai kuma Hausawa a zango, kamar yadda suke a Bawku da Yendi da Salaga. Tun zamanin da, fatake suke bin hanyar Gonja daga Kano da Katsina don sayen goro. Wasu suka koma gida, wasu kuwa suka yi aure suka zauna.

A waɗannan garuruwa akwai wani ciwo da iyaye suka sani tun kaka da kakanni. An san shi a Maraɗi da Damagaram, an san shi a Sakkwato da Zariya. Yakan kama yaro tun yana goye. Hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura, ya yi ta kuka ba a san abin da ke damun sa ba. In ya ƙara girma, idanunsa su yi rawaya, ya riƙa saurin gajiya. Da sanyi ya shigo, ko ruwan sama ya ba shi kashi, sai ƙasusuwansa su ɗauki ciwo kamar ana sara. Hausawa suna kiran wannan ciwo amosanin jini, ko sikila.

A da, wasu sukan ce mayu ne suka kama yaron. Wasu su ce iska ce ta shafe shi. Wasu kuma su ɗora wa uwa laifi. Duk ba haka ba ne. Dalilin ciwon yana cikin jini, a wani abu ƙanƙane da ido ba ya iya gani.

Masana da yawa sun yi aiki kafin a gane haka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Hermann Lehmann. Ana faɗin sunansa Leman. Bajamushe ne, amma jinin mutanen Gana yana cikin abubuwan da ya yi shekaru yana bincike a kai. Ga labarinsa.

2. Ƙuruciya a Jamus

An haifi Lehmann ran 8 ga watan Yuli na shekarar 1910, a garin Halle na ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne. Ubansa mai buga jarida ne. A wannan shekara ce kuma wani likita a birnin Shikago na Amurka, mai suna James Herrick, ya fara rubuta bayanin sikila. An duba jinin wani ɗalibi baƙar fata, aka ga ƙwayoyi masu lanƙwasa kamar lauje.

Lehmann ya yi makarantar sakandare a birnin Dresden. Daga nan ya shiga koyon aikin likita. Ya yi karatu a jami'o'i huɗu: Freiburg, da Frankfurt, da Balin, da Heidelberg. Yaro ne mai ƙwazo, mai son sanin dalilin kowane abu.

Yana dab da gamawa sai al'amura suka ɓaci. A shekarar 1933 Hitila ya hau mulkin Jamus. Shi da mutanensa suka ce jinin Yahudawa daban yake, ba shi da kyau kamar nasu. Aka kori malamai Yahudawa daga jami'o'i. Aka toshe wa ɗalibai Yahudawa hanya. Dole Lehmann ya ƙetara iyaka zuwa garin Basel na ƙasar Suwizalan. A can ya sami takardar shaidarsa ta likita a shekarar 1934.

Ya yi aiki a Heidelberg tare da wani babban masani, Otto Meyerhof, wanda ke binciken yadda tsoka take samun ƙarfi. A wurinsa Lehmann ya koyi haƙurin aikin ɗakin gwaje-gwaje: a auna, a rubuta, a sake aunawa. Amma zaman Jamus ya ci gaba da yin wuya. A shekarar 1936 ya bar ƙasar haihuwarsa, ya tafi Ingila.

A garin Kambirij, wani dattijon masani mai suna Gowland Hopkins ya karɓe shi a ɗakin bincikensa. Lehmann ya duƙufa ga aiki, ya sami babban digiri na dakta a shekarar 1938.

Wahala dai ba ta ƙare ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a shekarar 1939, Ingila da Jamus suka zama abokan gaba. A shekarar 1940 hukumar Ingila ta kama Jamusawan da ke ƙasarta ta tsare su, har da waɗanda suka gudo daga hannun Hitila. Aka kai Lehmann wani sansani a Huyton, kusa da birnin Libaful. A gida an ƙi shi don shi Bayahude ne, a baƙunta kuma an tsare shi don shi Bajamushe ne. Bayan ƴan watanni aka sake shi.

3. Mene ne ke cikin jini?

Kafin mu ci gaba da labari, bari mu san abin da Lehmann ya ba ransa a kai.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. In aka ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin likita, za a ga ba ruwa ba ne kawai. Cike yake da ƙananan ƙwayoyi. Mafi yawansu jajaye ne. A ɗan ɗigon da bai kai kan allura ba akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5.

Kowace jar ƙwaya kewayayya ce, kamar ƴar masa da aka danna tsakiyarta da yatsa. Tana da laushi. Tana iya lanƙwashewa ta wuce ta cikin siraran hanyoyin jini, waɗanda gashin kai ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Takan yi kwana 120 tana aiki, sa'an nan jiki ya maye gurbinta da sabuwa.

A cikin jar ƙwaya akwai wani sinadari mai suna himogulobin. Shi ne ke sa jini ya yi ja. Aikinsa irin na jakin fatake ne. Yana ɗaukar iskar oksijin daga huhu, ya kai wa kowace gaɓa ta jiki, ya sauke, ya komo ya sake ɗauka. Yana yin wannan aiki ne da taimakon sinadarin ƙarfe da ke jikinsa. In ƙarfe ya yi ƙaranci a abinci, himogulobin sai ya ragu. Mutum ya yi fari, ya rasa kuzari. Wannan shi ake kira ƙarancin jini.

4. Indiya da Yuganda

A shekarar 1943 Lehmann ya shiga aikin likitan soja, aka tura shi Indiya. A can ya tarar da sojoji da yawa masu ƙarancin jini. Ya bincika, ya ga rashin sinadarin ƙarfe ne babban dalili. Daga nan hankalinsa ya koma ga jini.

Bayan yaƙi, a shekarar 1947, ya tafi kwalejin Makerere da ke Kamfala, a ƙasar Yuganda. Nan ma ya sami masu ƙarancin jini birjik. Ya gano cewa wata tsutsar ciki ce ke shanye musu jini. Tsutsar tana shiga jikin mutum ta tafin ƙafa, in yana tafiya ba takalmi a ƙasa mai ƙazanta. Da aka ba marasa lafiyan maganin ƙarfe, sai jininsu ya dawo.

A Yuganda ne ya yi bincike a kan ƙwayoyi masu kamar lauje. Shi da wani likita, Alan Raper, suka gwada jinin dubban mutane na ƙabilu iri iri. Suka fitar da sakamako a shekarar 1949. A wasu ƙabilu masu ɗauke da alamar sikila kaɗan ne. Amma a ƙabilar Baamba, mutum 45 cikin 100 suna ɗauke da ita.

Wannan ya ɗaure wa likitoci kai. Ga masu alamar da yawa, kuma lafiyarsu lau. Manya masu ciwon kuwa da wuya a gan su. Har wasu likitoci suka ɗauka ciwon ba ya damun mutanen Afirka sosai. Lehmann da Raper suka sake binciken Baamba, suka ba da bayani a shekarar 1956. Gaskiyar da ta fito mai ɗaci ce. Ana haihuwar yara masu ciwon, amma a wancan zamani suna mutuwa tun suna ƙanana. Shi ya sa ba a ganin su cikin manya.

Lehmann ya koma Ingila a shekarar 1949. Daga 1951 ya kama aiki a asibitin St Bartholomew na birnin Landan. Amma ƙafarsa ba ta zauna wuri ɗaya ba. A shekarar 1952, shi da Marie Cutbush suka gwada jinin mutanen duwatsun Nilgiri, a kudancin Indiya. Suka sami alamar sikila a can ma. Ashe ciwon ba na baƙar fatar Afirka ba ne kaɗai. Yau an san akwai shi a Indiya, da ƙasashen Larabawa, da Girka, da Italiya.

5. Tseren jini a kan takarda

A shekarar 1949 wani masani Ba'amurke, Linus Pauling, da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin na masu sikila ya bambanta da na sauran mutane. Aka sa wa wanda aka saba gani suna A. Na sikila aka kira shi S. A shekarar 1950, Harvey Itano da James Neel suka gano wani iri na uku a jinin baƙaƙen fatar Amurka. Aka kira shi C.

Ta yaya ake bambanta su, tun da duk jajaye ne? Lehmann ya ƙware a wata dabara mai sauƙi. Ana fasa jajayen ƙwayoyi don himogulobin ya fito. A ɗiga shi a gefen wata doguwar takarda mai laima. A jona wutar lantarki a bakin takardar biyu, a bar ta na wasu awoyi. Wutar sai ta riƙa jan himogulobin a hankali, kamar ana tsere. A yakan yi gaba, S ya biyo shi, C kuwa ya tsaya a baya. In an duba takardar, za a san irin jinin da mutum yake da shi. Dabarar ba ta bukatar kuɗi mai yawa, don haka ƙananan asibitoci ma suka iya amfani da ita.

A lokacin, ƙasar Gana tana hannun Turawan Ingila, ana kiran ta Gwalkwas. A birnin Akra akwai wani likita mai binciken cututtuka, George Edington, wanda daga baya ya koyar a Ibadan da Zariya. Shi da Lehmann suka haɗa kai. Suka gwada jinin mutanen kudu da na mutanen arewa. A shekarar 1954 suka gano wani sabon iri a jinin wani mutumin ƙasar, suka kira shi G. A shekarar 1956 suka fitar da bayanin yadda C ya bazu a Afirka ta Yamma.

Abin da binciken wannan zamani ya nuna ya shafi Navrongo kai tsaye. A duk duniya babu inda himogulobin C ya yi yawa kamar arewacin Gana da Burkina Faso. A wannan yanki, kusan mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da shi. In aka yi nisa da yankin, sai ya riƙa raguwa. A shekarar 1959 Lehmann da wani likita ɗan Nijeriya, Chukwuedu Nwokolo, suka gwada jinin Ibo, waɗanda mafi yawansu ke gabashin Kogin Kwara. Suka ga C ya yi ƙaranci ƙwarai a can, alhali ana samun sa a ƙasar Yarbawa, yamma da kogin. Kamar dai kogin ya tare masa hanya.

A ƙasar Hausa S ya fi yawa. A arewacin Nijeriya wajen mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da shi. Ana samun C ma, amma kaɗan. Jini yana bin mutane duk inda suka je suka yi aure suka haihu. Don haka a zangunan Salaga da Yendi da Bawku da Navrongo ana iya haɗuwa da S da C duka biyu.

6. Yadda ake gadon jini

Kowane yaro yana gadon harafi biyu: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA ba shi da komai. Mai AS ko AC yana ɗauke da alama, amma shi ba mara lafiya ba ne. Mai SS shi ne mai sikila. Mai SC ma yana da ciwon. Sau da yawa nasa yakan zo da sauƙi, amma yana iya taɓa idanu da ƙashin ƙugu, yana kuma wahalar da mace mai ciki.

In uba AS ne, uwa ma AS ce, kowane ciki yana iya zuwa da AA, ko AS, ko SS. Rabon SS shi ne 1 cikin 4 a kowane ciki. In uba AS ne, uwa kuma AC, rabon SC shi ma 1 cikin 4 ne. Kun ga ke nan ba laifin uwa ba ne, ba kuma laifin uba ba ne. Daga su biyun yaro ya gada. Ciwon kuma ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare, ko wasa tare.

To, me ya sa S da C suka yi yawa a ƙasashenmu? Amsar tana wurin sauro. A shekarar 1954 wani masani da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, ya nuna cewa zazzaɓin cizon sauro ba ya yi wa yara masu AS tsanani kamar yadda yake yi wa masu AA. A shekarar 2001 wani bincike a Wagadugu ya nuna C ma yana ba da irin wannan kariya. Shekaru aru-aru zazzaɓi yana kashe yara a ƙasashenmu. Masu AS da AC suka fi tsira, suka girma, suka gadar wa ƴaƴansu. Amma kariyar ba cikakkiya ba ce. Mai AS da mai AC su ma zazzaɓi yana kama su.

Lehmann ma ya taɓa yin kuskure. Da ya sami S a Indiya, ya yi zaton daga ƙasar Larabawa ya samo asali, ya bazu zuwa Indiya da Afirka. Binciken da aka yi daga baya ya fi nuna cewa a Afirka ya fara. Haka aikin ilimi yake. Wani ya kawo abin da ya gani, na bayansa su duba su gyara.

7. Dutse ɗaya cikin sarƙa

A shekarar 1963 Lehmann ya koma Kambirij, ya kama aiki a asibitin Addenbrooke. A shekarar 1967 ya zama farfesa. Ya shugabanci wani ɗakin bincike na himogulobin masu bambanci. Likitoci daga ƙasashe da yawa suna aiko masa da jini a ƴan kwalabe, shi da ɗalibansa su duba su ba da amsa.

A wannan gari akwai wani masani, Max Perutz, wanda ya zo daga ƙasar Ostiriya. Shi ma an tsare shi a shekarar 1940, har aka kai shi Kanada. Perutz yana son ya ga siffar himogulobin kanta. Ya yi amfani da jinin doki, da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ya fara a shekarar 1937, bai ga siffar ba sai 1959. Shekara 22 ke nan yana abu ɗaya! A shekarar 1962 aka ba shi kyautar Nobel.

Ga abin da aka gano. Himogulobin sarƙoƙi huɗu ne a nannaɗe, kamar sarƙar duwatsun wuya. Biyu suna da duwatsu 141 kowace, biyu kuma 146 kowace. Jimla 574 ke nan. Wani masani a Kambirij, Vernon Ingram, ya nuna a shekarar 1957 cewa bambancin A da S dutse ɗaya ne tak a sarƙa mai 146. Shi ne dutse na 6. A shekarar 1958 shi da John Hunt suka ga cewa a C ma wannan dutsen ne ya sāke, amma da wani iri daban.

Dutse ɗaya ya isa ya kawo ciwo. In himogulobin S ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya manne da ƴan'uwansa, su zama dogayen tsinkaye a cikin ƙwaya. Tsinkayen su miƙar da ƙwayar, ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi yake tasowa. Ba sa kuma daɗewa: maimakon kwana 120, sai su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa mai sikila yake fama da ƙarancin jini.

Perutz yana da taswirar himogulobin. Lehmann kuwa yana da jinin marasa lafiya iri iri. A shekarar 1968 suka haɗa iliminsu. Suka ɗauki kowane iri, suka nuna inda dutsen ya sāke a taswira. In ya sāke a bayan sarƙa, sau da yawa ba ya cutarwa. In ya sāke a ciki, kusa da inda ƙarfe yake, sai himogulobin ya lalace, ko ya kasa ɗaukar iska yadda ya kamata. Ta haka aka iya bin ciwo tun daga gadon asibiti har zuwa dutse ɗaya a cikin jini.

Sababbin iri suka yi ta fitowa, har aka daina sa musu haruffa, aka koma kiran su da sunan wurin da aka same su. Akwai Norfolk, wanda aka samu a wani iyali na Turawan Ingila. Akwai Köln, sunan wani birni na Jamus, ƙasar da ta ƙi Lehmann. Akwai Korle-Bu, sunan babban asibitin Akra. Wannan a shekarar 1968 aka bayyana shi, tare da wani likita ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu. Shi wannan likita ya kula da dubban masu sikila a Akra, ya kuma bi sawun ciwon a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670. Lehmann da abokan aikinsa sun gano iri fiye da 70.

Mutumin da aka ce jininsa daban ne ya duba jinin Turawa da na Indiyawa da na ƴan Afirka. Ya ga aikinsa ɗaya ne, gininsa ɗaya ne. Ƴan bambance-bambancen da ke akwai kuwa, babu al'ummar da ba ta da nata.

8. Abin da ya bari

A shekarar 1966 Lehmann da Richard Huntsman suka rubuta littafi a kan himogulobin na ɗan Adam, wanda likitoci suka daɗe suna karatu da shi. A shekarar 1972 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. Ya yi ritaya a shekarar 1977. Ya rasu a Kambirij ran 13 ga watan Yuli na shekarar 1985, kwana biyar bayan ya cika shekara 75.

Aikin bai tsaya da rasuwarsa ba. A shekarar 1992 aka kafa cibiyar binciken lafiya ta Navrongo. Daga 1993 zuwa 1995 aka gwada gidan sauro mai magani a ƙauyukan yankin. Mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 17 cikin 100. A shekarar 1995 aka fara gwada jinin jarirai a Kumasi, don a gane masu sikila tun kafin ciwo ya tashi. A shekarar 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da ranar 19 ga watan Yuni ta zama ranar sikila ta duniya.

Yau yaro mai sikila yana iya girma, ya yi karatu, ya yi sana'a, ya yi iyali, in an kula da shi. Ya riƙa shan ruwa da yawa. Ya sa rigar sanyi lokacin hunturu, ya guji dukan ruwan sama. Ya kwana cikin gidan sauro. A yi masa alluran riga-kafi, a ba shi magungunan da likita ya rubuta. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti nan da nan, kada a jira gobe.

Yara, wataƙila akwai mai sikila a ajinku ko a gidanku. Kada ku yi masa ba'a in ya kasa gudu. In ya kwanta ciwo, ku kai masa darasin da aka yi. Ku kuma tambayi iyayenku ko an taɓa gwada jininku. Gwajin ba shi da wuya: ɗan jini kaɗan ake ɗiba. In kun girma, ku san harafinku kafin ku yi aure.

Kalmomi da Faransanci

jar ƙwayar jini: le globule rouge
himogulobin: l'hémoglobine
amosanin jini, sikila: la drépanocytose
ƙarancin jini: l'anémie
zazzaɓin cizon sauro: le paludisme
madubin likita: le microscope
lauje: la faucille
ƙarfe: le fer
gidan sauro: la moustiquaire

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Lehmann? Me ya sa ya bar ƙasarsu?
2. Mene ne aikin himogulobin a cikin jiki?
3. A tseren kan takarda, wane himogulobin ne ke yin gaba? Wane ne ke tsayawa a baya?
4. A wane yanki na duniya himogulobin C ya fi yawa?
5. Uba AS ne, uwa AC ce. Rubuta irin jini huɗu da ƴaƴansu za su iya gada.
6. Lehmann ya rayu daga 1910 zuwa 1985. Shekararsa nawa sa'ad da ya tafi Yuganda?
7. Faɗi abubuwa uku da za ka yi don taimakon ɗan ajinku mai sikila.